Tsallake boda da ƙaramin jirgin sama: ka tuƙa da ido, ka bi na'ura, ka ɗauki ejan, ko ka yi shata kawai?

Duk wanda ya samu lasisin tuƙa ƙaramin jirgi, da zarar ya gaji da zagayen filayen da ke kusa da shi, abin da ke fara masa yawo a ka shi ne ya leƙa wata ƙasa. A sama kam boda ba komai ba ce, jirgi bai ma san ya wuce ta ba, injin ba ya canza ƙara. Rigimar duk a ƙasa take, wajen kwastan da jami'an shige da fice da masu ba da izini, kuma su waɗannan da agogo suke aiki, ka ce musu ƙarfe kaza za ka sauka to ƙarfe kazan suke so su gan ka. Shi kuwa ƙaramin jirgi ba ya riƙe alkawari in gari ya ɓaci. A nan ne zaɓin yake, tsakanin abin da ka rubuta wa jami'ai da abin da yanayi zai bar ka ka yi.

Hanyoyi huɗu ne a gabanka: ka tuƙa da kanka da ido wato VFR, ka tuƙa da kanka bisa na'urori wato IFR, ka tuƙa amma ka biya ejan ya yi maka takardu har ma ka ɗauki gogaggen matuƙi ya zauna gefenka, ko ka ajiye girman kai ka yi shatar jirgi daga kamfani mai lasisi.

Ma'aunin da zan bi

Na farko kuɗi, ba na mai kaɗai ba, har da na sauka da na ajiye jirgi da na otal ɗin da za ka kwana ba ka shirya ba. Na biyu ɗorewa, kuma fuska biyu gare ta: shin shirin tafiyar zai tsaya da ƙafarsa in gajimare ya sauko, sannan ƙwarewar da ka kashe wa kuɗi za ta jima tare da kai ko sai kana sabunta ta kullum. Na uku sauƙi, wato wa zai sha wahalar takardu. Na huɗu hatsari, na rai da na doka.

Abin da ba ka tsallake shi ko ta ina ka bi

Tushen komai Yarjejeniyar Chicago ce ta 1944, wadda ta haifi hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, wato ICAO. Sashe na 29 ya lissafo abin da dole ya kasance cikin jirgin da zai ƙetare ƙasa: takardar rajista, satifiket ɗin lafiyar jirgi, lasisin matuƙa, littafin tafiye-tafiyen jirgi, lasisin rediyo, da sunayen fasinjoji da lissafin kaya in akwai. Ka ƙara fasfo, biza, da inshorar da ta ambaci ƙasar da za ka je, don inshora da yawa iyakarta gida, sai ka nemi a faɗaɗa ta. Sannan ba duk filin da ka ga dama za ka sauka ba, saukar farko dole a filin da aka ware don shigowa daga waje, kuma kowace ƙasa ta rubuta nata a kundin da ake kira AIP, sashen GEN 1.2 ne ke bayanin shigowar jirage. Mutane ba sa son karanta shi don ba daɗin karatu, amma shi ne doka, ba abin da wani ya faɗa maka a wajen shan mai ba.

Filan ɗin tafiya kuma, wato bayanin hanyarka da lokutanka da kake ba masu kula da zirga-zirgar sama, ana shigar da shi aƙalla minti 60 kafin tashi, duk lokutan ciki da agogon GMT ake rubutawa wanda su suke ce wa UTC, har da lokacin da kake sa ran ratsa iyakar. In ka sauka ka manta ba ka rufe shi ba, bayan minti 30 da lokacin da ka bayar za a fara nemanka kamar wanda ya ɓata.

Wani abu da ke kama mutane: jirgin da aka haɗa a gida ko irin marasa nauyin nan, satifiket ɗinsu sau da yawa bai kai matakin ICAO ba, don haka wata ƙasa ba dole ta karɓe shi ba sai ka nemi izini na musamman. Haka ƙananan lasisin da ƙasa ke bayarwa don shawagin cikin gida.

1. Ka tuƙa da ido, ka yi takardunka da kanka

Wannan ita ce mafi araha, ba gardama. Ɗauki Cessna 172, jirgin da aka fi ƙerawa a tarihi, yana gudun kilomita 200 da ɗoriya a awa yana shan wajen lita 35, kujeru huɗu amma in ka cika tanki abin da ya rage maka na mutane da kaya wajen kilo 250 ne, wato manya huɗu da jakunkuna ka manta kawai. Bayan mai sai kuɗin sauka da na ajiya, wani wurin da na kiran jami'in kwastan in ba lokacin aikinsa ba ne.

Sauƙinta ya danganta ne kacokan da wace boda. Tsakanin Amurka da Kanada misali tsarin a bayyane yake: ɓangaren Amurka ka tura sunayen kowa ta manhajar eAPIS aƙalla minti 60 kafin tashi, fita da shiga duka, ka sayi sitikar kwastan ta shekara ka manna a jirgi, ka kuma kira filin da za ka sauka su amince maka da lokaci. Ɓangaren Kanada waya za ka buga, kar ta gaza awa 2 kafin isowa kar ta wuce awa 48, kuma sau da yawa in ka sauka ka sake kira lamba kawai za su ba ka su ce ka wuce. Birtaniya na da fom ɗinta da ake kira GAR ana turawa ta intanet kafin tashi. Cikin ƙasashen Turai na yankin Shengen kuwa galibi ba duba fasfo tsakaninsu. Irin waɗannan mutum ɗaya da kwamfuta zai gama su a yamma ɗaya. Amma ka lura da wannan, in ka sauka a Amurka kar ka fito daga jirgi, kai da fasinjojinka ku zauna ko zafi zai gasa ku sai jami'i ya zo ko ya ba da izini, kuma tarar karya dokar sanarwa dala 5,000 ce a karon farko, 10,000 in aka sake. Sannan mai fasfon da ke shiga Amurka da ESTA, izinin nan na intanet, ba biza, wannan rangwamen ba ya aiki in da jirginka na kanka ka zo, sai biza ta gaske.

Inda wannan hanya ke faɗuwa shi ne ɗorewa. Tuƙi da ido yana nufin dole kana ganin ƙasa da nesa kuma kana kauce wa gajimare, to ka ba kwastan ƙarfe 11, ka tashi da safe ka tarar hazo ya kwanta a hanya, sai ka soke ka sake sanarwa, ta yiwu jami'in gobe ba ya nan, ta yiwu jibi ma garin bai washe ba. Kwana biyu uku a otal ba abin mamaki ba ne, arahar da ka yi murna da ita sai ta tafi a nan. Kuma babban hatsarin ba hazon ba ne, zuciyarka ce, don ka riga ka cika fom ka yi waya mutane na jiranka, sai ka ce bari dai in gwada in gani. Matuƙin da bai koyi na'ura ba in ya shige gajimare, kunnensa na ciki zai riƙa gaya masa jirgi a miƙe yake alhali ya karkata yana gangarawa, kuma wannan na cikin abubuwan da suka fi kashe masu ƙananan jirage.

In akwai ruwa a tsakani lissafin ya ƙaru. Mashigin da ke tsakanin Ingila da Faransa inda ya fi ƙunci wajen kilomita 33 ne, tsakiyarsa kenan kusan 17 daga kowace gaɓa. Cessna 172 in injin ya mutu yana sulalawa gaba kusan mita 9 a kan kowace mita ɗaya da ya sauko, kaga kenan kana buƙatar tsayin wajen ƙafa 6,000 kafin ka ce ko a tsakiya ya mutu za ka kai tudu, wannan ma in iska ba ta gabanka take ba. To ranar da gajimare ya tsaya a ƙafa 2,500 kai da ido a ƙarƙashinsa za ka bi, akwai mintocin da in injin ya yi tari ruwa ne kawai. Rigar ceto a jikinka za ta kasance tun kafin ka tayar da injin, ba a kujerar baya ba, don cikin wannan ɗan akurkin ba wanda ke iya sa ta jirgi na gangarawa.

Ga masu haya kuma: kar ka ɗauka don ka biya awa za ka kai jirgin inda kake so. Sai mai shi ya ba ka izini a rubuce, asalin takardun jirgin suna ciki, inshorarsa ta yarda, kuma galibi akwai mafi ƙarancin awannin da za a caje ka kowace rana ko jirgin na ajiye. Mathias Rust ma jirgin haya ne ya ɗauka, Cessna 172, yana ɗan shekara 18 ya tashi daga Helsinki ranar 28 ga Mayu 1987 ya dira kusa da Jan Dandali a Mosko ba izinin kowa, aka yanke masa shekara huɗu ya yi wajen wata 14 aka sake shi, ministan tsaron Tarayyar Sobiyet kuma ya rasa kujerarsa. Yanzu in ka shiga ba sanarwa abin da ya fi yiwuwa jirgin yaƙi ne zai bayyana a gefen hagunka, sai ka juya rediyonka zuwa mita 121.5 ta gaggawa ka yi abin da aka ce.

2. Ka tuƙa bisa na'ura

Nan kuɗin gaba ake biya. A tsarin Amurka kafin a ba ka shaidar tuƙi da na'ura sai kana da awa 50 na doguwar tafiya kai ne shugaban jirgi da awa 40 na tuƙi da na'ura, ga jarrabawar rubutu ga ta sama. Jirgin ma sai yana da kayan, kuma kayan sun bambanta da yanki: Turai na son rediyo mai tazarar 8.33 tsakanin tashoshi, Amurka tun 1 ga Janairu 2020 ta wajabta ADS-B, na'urar da ke watsa inda jirgi yake, a manyan sassan sararinta, kuma irin na mita 978 a can kaɗai yake aiki, mai fita waje na 1090 zai sa. Abin daɗi ɗaya a Turai jirgin da bai kai tan 2 ba ba a cajinsa kuɗin hanya na Eurocontrol, hukumar da ke daidaita zirga-zirgar sararin Turai.

Amma a wajen ratsa boda gaskiya ita ta fi kwanciyar hankali, abin da mutane da yawa ba sa tsammani kenan. Kana hannun masu kula da zirga-zirga tun daga tashi har sauka, wannan ya miƙa ka ga wancan, iyakar ƙasa ta zama canjin mita a rediyo kawai, ba kai za ka riƙa lalube kana kauce wa wuraren soja da sararin da aka hana shiga a ƙasar da ba ka sani ba. Lokacin da ka ba kwastan ma ya fi yiwuwa ka cika shi.

Ɗorewar shirin ta fi ta ido nesa, amma kar a ruɗe ka, ƙaramin jirgi mai injin ɗaya ba ya shiga hadari mai tsawa kuma yawancinsu ba su da kayan narkar da ƙanƙara a fiffike, don haka akwai ranakun da kai ma zama za ka yi. Ita kuma ƙwarewar tana tsatsa da wuri. Amurka na so ka yi saukar na'ura shida cikin wata shida, Turai gwaji ake maka duk shekara, kuma wannan mafi ƙaranci ne na doka. Wanda ke da shaidar a aljihu amma rabonsa da gajimare an daɗe, a ganina ya fi mai ido shiga hatsari, don shi mai ido ya san bai iya ba. Takardun kwastan da biza kuwa ba abin da ya ragu, duk kai za ka yi.

3. Ejan, da gogaggen matuƙi a gefe

Akwai iyakokin da ba a yi su don mutum ɗaya da kwamfuta ba. Ƙasashe da yawa a Afirka da Gabas ta Tsakiya da Asiya sai ka nemi izinin ratsa sararinsu da izinin sauka tun kwanaki kafin tafiya, su ba ka lamba ka sa a filan, izinin kuma na da ranar da yake aiki, in ka makara ya mutu sai sabo. Ka ce ƙasa uku za ka ratsa, izini uku kenan kowanne da ofishinsa da ranakun hutunsa, ɗaya ya makale duk sauran sun lalace. Aikin ejan kenan, ya san wa ake turawa, ya san fom ɗin da aka canza, in yanayi ya tsayar da kai ya sake daidaita maka duka.

Abu na biyu da zai maka wanda ni na fi ba shi daraja shi ne mai. Yawancin ƙananan jirage 100LL suke sha, shuɗin fetur ɗin nan na jirgi, kuma a sassa da yawa na duniya ba shi a filin jirgi sam, Jet A-1 ne ko'ina don shi manyan jirage ke sha. Wani wurin sai an kawo maka a duro, ka biya duron gaba ɗaya ko rabi kake so, ka tsaya a kai ana zubawa ka tsiyayo kaɗan a kofi ka duba launi ka duba ko ruwa ya kwanta a ƙasa. In aka zuba wa injin fetur Jet A-1 bisa kuskure zai iya tashi lafiya lau da ragowar man da ke bututu, sai kun ɗaga sama ya mutu. Shi ya sa jirage masu injin dizal irin Diamond DA42 ke da farin jini wajen masu doguwar tafiya.

Kuɗin ejan kan kowane izini da kowane zango yake, ga na masu tarbarka a fili wanda a wasu manyan filaye dole ne ko ba ka so, har ya kan fi kuɗin man zangon. In ka ƙara matuƙi, kuɗin yininsa da otal ɗinsa da tikitin komawarsa duk a kanka, kuma ya cinye maka kilo 80 na kaya. Amma a tafiyar farko babu kuɗin da ya fi wannan amfani, don abin da ka gani yana yi ya zama naka, karo na biyu ba sai da shi ba. Tafiya irin ta ƙetare arewacin Atlantika ta Goose Bay a Kanada da Girinlan da Aisilan zuwa Wick a Sikotlan kuwa, Kanada ma ba za ta bar ka ka kama hanya da injin ɗaya ba sai da shaidar na'ura da kayan ceto, kamfanonin inshora kuma sukan ce sai da wanda ya taɓa yi. Ka dai tuna duk abin da ejan ya cika, in an samu kuskure shugaban jirgi ake kamawa.

4. Shata

Ba doguwar magana. Ita ta fi tsada, kana biyan jirgi da matuƙa da sau da yawa har komawarsa fanko, naka fasfo da biza kawai. Abin da nake so in tsaya a kai shi ne shatar bayan fage, wani mai jirgi ko mai lasisin kansa, wato ba na haya ba, ya ce kawo kaza in kai ka, rabin farashin kamfani. Mai lasisin kansa doka ta yarda ya raba kuɗin tafiya da abokansa, ba ta yarda ya ci riba ba. Ɗan ƙwallon nan Emiliano Sala a irin wannan ya rasu ranar 21 ga Janairu 2019, cikin Piper Malibu daga Nantes zuwa Cardiff da dare, jirgin ya faɗa teku. Bincike ya nuna matuƙin ba shi da lasisin ɗaukar fasinja don kuɗi ba shi da izinin tuƙin dare, an kuma sami iskar guba ta hayaƙin injin da yawa a jinin Sala, wanda ya shirya tafiyar aka ɗaure shi wata 18 a 2021. Ka ce a nuna maka satifiket ɗin AOC, wato izinin kamfani na ɗaukar fasinja don kuɗi, ka duba lambar jirgin da za ka hau tana ƙarƙashinsa. Wanda ya fara kame-kame ka bar shi.

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Hatsari |
|---|---|---|---|---|
| Ido | Mafi araha, sai in ka makale | Rauni, yanayi ke yanke hukunci | Duk aikin naka | Shiga gajimare, ɓata cikin sararin da aka hana |
| Na'ura | Tsada a horo da kaya | Mai kyau, in kana motsa hannu | Sauƙi a sama, takardu naka | Ƙanƙara, tsawa, tsatsar ƙwarewa |
| Ejan da matuƙi | Matsakaici zuwa tsada | Mai kyau, ilimin ya zauna maka | An ɗauke maka rabi | Ƙasa, amma alhaki na kanka |
| Shata | Mafi tsada | Mafi tabbas | Fasfo da biza kawai | Mafi ƙasa, in da AOC |

Wa ya dace da wacce

In yawon shaƙatawa ne, bodar kusa ce mai tsari a bayyane, kuma in an ce ka kwana biyu a can ba abin da zai lalace maka, tafi da ido, ka zaɓi filin da ƙananan jirage suka saba sauka irin Le Touquet a Faransa ga masu tasowa daga Ingila, ka tashi da safe ka bar wa kanka rana. In za ka riƙa zirga-zirgar nan sau da yawa a shekara don harka, kashe kuɗin ka koyi na'ura, amma fa in sau ɗaya ko biyu ne a shekara kar ka wahalar da aljihunka, ba za ka riƙe ƙwarewar ba. In karonka na farko ne kuma akwai ruwa mai faɗi ko duwatsu ko harshen da ba ka ji a ƙasa, ɗauki gogagge ko da kana ganin ka iya. In hanyar ta bi ta ƙasashen da ke neman izini ko inda 100LL ke wuya, ejan ba zaɓi ba ne ma, ka sa shi a lissafi tun farko. In kuma ranar ba ta ɗaguwa, taro ne ko sa hannu ko asibiti, ko iyali ne za su cika kujerun, yi shata daga mai AOC, in kuɗin bai kai ba ka sayi tikitin jirgin fasinja ka bar naka a rumfa.